ZUMUNCI A ƘAFA YAKE: TO INA MATSAYIN WAYA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya na Allah ne. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi hanyarsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, ko kai mutumin Burumburum ne, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ko Kiru, ko Bebeji, ko kana gida kana noma, ko neman abinci ya kai ka Legas ko Abuja ko Fatakwal, wannan ɗan littafi da kai yake. Akwai wata mas'ala da ake ta jayayya a kanta a majalisu da ƙofofin masallatai, ita ce: mutumin da ya gai da danginsa ta waya, ta WhatsApp ko Facebook, shin ya sada zumunci ko kuwa bai sada ba?

Mutane sun kasu biyu. Waɗansu dattawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, duk abin da bai sa ka ɗauki takalmi ba wasan yara ne. Waɗansu samari kuwa suna cewa zamani ya sake, tunda sun tura wa kowa gaisuwar Juma'a, sun fita hakkin kowa. Kowane ɓangare yana da rabon gaskiya, yana kuma da rabon kuskure. Abin da za mu bayyana maka, in Allah Ya yarda, shi ne gaisuwar waya zumunci ce ta gaskiya, ana samun lada da ita idan niyya ta yi kyau, har ma takan ƙara wa zumunci danƙo, amma tana da ma'auni, ma'aunin kuwa shi ne bukatar ɗan'uwanka da kuma ikon da Allah Ya ba ka. Kada ka ɗauki maganar da sauƙi, domin malamai ba su saɓa ba a kan cewa yanke zumunci yana cikin manyan zunubai, kuma mutum yana iya yanke shi alhali wayarsa cike take da lambobin dangi.

FASALI NA ƊAYA: YADDA NA GABANKA SUKA YI

Ka sani, barin gida ba yau aka fara shi ba. Fatake sukan kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro, su yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Alhazan ƙafa sukan bi ta Chadi da Sudan su yi shekaru a hanya, waɗansu ma ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan, mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, jikokinsu suna can har yau. A nan kusa da kai, lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ƙauyuka sun tashi, maƙwabtan da suka tashi tare suka warwatsu. Ga kuma 'yan cin rani da ke fita duk shekara da zarar an kawar da amfanin gona.

To yaya waɗannan bayin Allah suka riƙe zumunci? Mutum ya je wurin malami a rubuta masa wasiƙa da ajami, ya tsaya bakin titi ya jira direban da ke bin hanyar Jos, ya ba shi amana. Idan wasiƙar ta isa, sai an nemo mai karantawa, saboda haka abin da ya shafi sirrin gida ba ya shiga takarda. Daga baya aka sami gaishe-gaishe a rediyo, irin shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, mutum ya kasa kunne mako guda don ya ji an ambaci sunansa. Sa'an nan kaset ya zo. Mazauna Makka da Jidda sukan ɗauki muryarsu su ba alhazai, a tara gida duka a tsakar gida a saurara, tsohuwa tana ji tana share hawaye. Duk da haka, sau da yawa labarin rasuwar uba yakan iske ɗa bayan an daɗe da share makoki.

Ka lura da abu guda: ba wanda ya taɓa cewa mai aiko wasiƙa ko kaset bai sada zumunci ba. Sa masa albarka ake yi, a ce wane bai manta da gida ba.

Kafin 2001, layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuwa a manyan birane suke. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki, ana sayen layi wajen naira 20,000, ana kira minti ɗaya naira 50. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, ya ƙara saƙon murya a 2013, da kiran bidiyo a 2016. Watau abin da kakanka yake jira wata shida kafin ya samu, kai yana aljihunka. Ni'ima ce, kowace ni'ima kuwa za a tambaye ka yadda ka yi da ita.

FASALI NA BIYU: MENE NE ZUMUNCI A WURIN MALAMAI

Shari'a ta yi umurni da sada zumunci, amma ba ta ƙayyade masa siffa guda ba kamar yadda ta ƙayyade raka'o'in salla. Alƙali Iyal, babban malamin nan na mazhabar Malikiyya mai littafin Ashafa, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya yi bayanin cewa zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙanƙantarsa shi ne barin ƙaurace wa juna da yin magana ko da sallama ce kawai, kuma yana bambanta gwargwadon iko da gwargwadon bukata, akwai na wajibi akwai na mustahabbi. Imamu Nawawi ya kawo wannan bayani a sharhinsa na Sahihu Muslim. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, yana ganin amsa wasiƙa hakki ne kamar amsa sallama.

Daga nan za ka fahimci abu biyu. Na farko, saƙon da ka tura wa ɗan baffanka da ke Fatakwal ya shiga cikin zumunci, domin magana ce kuma sallama ce, hanyar isar da ita ce kaɗai ta sake. Na biyu, wannan saƙon da ya wadatar ga ɗan baffanka mai lafiya mai sana'a, bai wadatar ga gwaggonka da ke kwance a Tudun Wada ba ta da kuɗin magani, alhali kana da hali kuma tsakaninku tafiyar babur ce. Ita bukatarta ba gaisuwa ba ce kaɗai. Ashe karin maganar dattawa da hujjar samari ba su ci karo ba, kowanne yana da muhallinsa.

FASALI NA UKU: ALHERIN DA KE CIKIN WANNAN ABU

Ya ɗan'uwa, abin da yake kashe zumunci tsakanin na nesa, galibi ba faɗa ba ne, rashin sanin halin juna ne. Mutum ya yi shekara biyu a kudu, ya dawo ya tarar an yi haihuwa bai sani ba, an yi jinya bai sani ba, sai ya zauna cikin 'yan'uwansa kamar baƙo, bayan gaisuwa babu abin cewa. Ƙananan labarai su ne abincin zumunci: an yi shuka, taki ya yi tsada, shinkafa ta yi kyau bana, ƙaninka ya kai izu goma, akuyar Inna ta haihu. Wasiƙa ba ta ɗaukar irin waɗannan, amma waya tana ɗauka kullum. Wanda ake ba shi irin wannan labari, ko yana Legas, zuciyarsa tana gida.

Dubi saƙon murya. Mahaifiyarka wataƙila ba ta yi boko ba, ba za ta iya karanta abin da ka rubuta ba, amma za ta danna ta ji muryarka, ta maimaita sau goma idan ta so, ta amsa maka da bakinta ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Kuma uwa tana jin abin da ke bayan murya. Ka ce mata lafiya lau, ita kuwa ta gane ba lafiya ba. Wannan kaset ɗin da ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran alhazai.

Dubi zauren dangi na WhatsApp. Idan aka kwantar da wani a asibiti, cikin sa'a guda na Kano da na Abuja da na Saudiyya sun ji, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa, mai jinya ya karɓa wurin mai POS. Da, kafin a zaga dangi da ƙafa, mai yiwuwa an makara. Dubi matafiyin da ya ratsa Dajin Falgore da yamma, kalma biyu kawai zai tura, "na sauka", mutanen gida su sami barci.

Idan kana son sanin darajar abu, dubi ranar da aka rasa shi ko ranar da shi kaɗai ya rage. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano saboda annobar korona, aka hana tafiya tsakanin jihohi, cikin 'yan makonnin nan kuwa dattawa da yawa suka rasu a birni. Ƙafa ba ta da iko a lokacin, ta waya aka yi ta'aziyya, ta waya aka yi barka da shan ruwa. Sa'an nan a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar 'yan bindiga. Mutane suka koma ba direbobi wasiƙa kamar zamanin da, waɗansu suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa inda ake samun sabis don kawai su ce wa ɗansu suna raye. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa waya wasan yara ce ba.

FASALI NA HUƊU: IDAN KA CE, SAI MU CE

Idan ka ce, "Ni fa ina da abokai dubu biyar a Facebook, ina cikin zaure ashirin, wa ya kai ni zumunci?" Sai mu ce maka, dubu biyar ita ce iyakar da kamfanin ya sa wa shafi, zuciyarka ba ta da wannan faɗin. Wani masani a Jami'ar Oxford ta Ingila, Robin Dunbar, ya daɗe yana nazarin wannan, ya nuna cewa mutanen da ɗan Adam yake iya riƙe hulɗa ta sosai da su ba su wuce kimanin 150 ba. A binciken da ya fitar a 2016 kan masu amfani da Facebook, ya tarar waɗanda mutum yake dogara da su ranar tashin hankali kimanin huɗu ne kacal. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka. Ka tuna ranar da babur ɗinka ya lalace da dare, mutum nawa ka iya kira? Lokacinka da datarka ƙayyadaddu ne, abin da ka kashe a kan wanda ba ka sani ba, daga rabon wanda yake da hakki a kanka ka ɗebo shi. Shari'a kuwa ta jera masu hakki: uwa, sa'an nan uba, sa'an nan na kusa sai na kusa.

Idan ka ce, "Ai duk Juma'a ina tura wa kowa hoton gaisuwa." Sai mu ce, ba mu hana ba, da babu gara ba daɗi. Amma hoton da ka tura wa mutum ɗari a danna guda, wanda kai ma turo maka aka yi, bai tambayi kowa yaya ya kwana ba. Kawunka ya san bambancin wannan da saƙon da aka kira sunansa a ciki aka ce, "Kawu, yaya ƙafar nan, an sami sauƙi?"

Idan ka ce, "Ba ni da kuɗin data, komai ya yi tsada." Gaskiya ne, a farkon 2025 ma an ƙara kuɗin kira da data. Amma ka duba tsakaninka da Allah, nawa ka kashe a kallon bidiyon barkwanci da ƙwallo a makon nan? Saƙon murya na minti ɗaya bai kai ƙwayar abin da bidiyo guda yake ci ba.

Idan ka ce, "Su ma ba sa nemana." Sai mu ce, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa ramuwar gaisuwa ba ita ce cikar zumunci ba, cikarsa ita ce ka nemi wanda ya yanke ka. Da, mai son yin haka sai ya yi tattaki ya haɗiye kunya a ƙofar gida. Kai kuwa an sauƙaƙa maka, saboda haka uzurinka ya ragu.

FASALI NA BIYAR: INDA WAYA TAKE ZAMA ALMAKASHI

Wuƙar da ake yanka ragon suna da ita, ita ce take yanke hannu. Ga wurare huɗu da ya kamata ka yi hattara.

Na ɗaya, toshe lamba. Ka yi saɓani da ɗan'uwanka, kafin zuciya ta huce ka danna ka toshe shi. Musulunci bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku a kan abin duniya ba. Mutanen da ko sun yi faɗa, dole su haɗu a masallaci ko kasuwa, ido ya ga ido, kunya ta yi aikinta. Toshewa kuwa tana rufe har ƙofar ban haƙuri. In ba cutarwa ce ta gaske kake gudu ba, kada toshewarka ta kwana huɗu.

Na biyu, tura abin da aka ba ka amana. Ɗan'uwanka ya yi maka saƙon murya cikin fushi ya ambaci wani, kai kuma ka ɗauka ka tura wa wancan. Wannan ita ce annamimanci, har ta fi ta da muni, domin ta da ana iya cewa ba haka aka faɗa ba, wannan kuwa ga murya. Magana zarar bunu ce. Haka labarin da ba ka tabbatar ba: Suratul Hujurati ta yi umurni da bincike kafin a ɗauki labari, ta kuma hana zato da bin diddigi da giba. Kamfanin WhatsApp da kansa, a 2019, ya rage yawan wuraren da ake iya tura saƙo a lokaci guda zuwa biyar saboda ɓarnar jita-jita. Abin kunya ne kamfani ya riga mai imani taka birki.

Na uku, siyasa a zauren dangi. Kun ga yadda zaɓen 2023 ya yi zafi a wannan yanki namu. 'Yan siyasa sukan yi faɗa yau, gobe ka gan su a mota ɗaya, kai kuwa ka zagi ɗan yayan mahaifinka a gaban dangi duka, ya fita daga zaure, an shekara ba ku gaisa ba. Ranar da za a ɗauki gawarka, ɗan takara ba zai kama makara ba.

Na huɗu, manta na kusa saboda na nesa. Ka dawo gida hutun salla, mahaifinka yana yi maka magana, kanka yana sunkuye kana dariya da wani a Kaduna. Matarka ta kawo abinci ta zauna, ba ka ɗago ba. Wayar da aka yi don nesa ta zo kusa, kai ka mai da ita mai nisanta na kusa.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA ZA KA YI

1. Ka zauna ka rubuta sunayen danginka na wajen uwa da na wajen uba, ka fara da mafi kusa. Ka sa alama a kan wanda ka fi wata uku ba ka ji muryarsa ba. Da shi za ka fara yau.

2. Iyaye a kira su da murya, a lokacin da suka sani suna jira, ko da sau biyu ne a mako. Kada ka yi wa mahaifinka filashin don ya kira ka, sai fa in babu yadda za ka yi.

3. Ka kiyaye lokaci. Suratun Nur ta ambaci lokutan hutawa uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i. Kira ma shiga gida ne. Idan ka kira sau uku ba a ɗauka ba, ka haƙura, kuma ka kyautata zato.

4. Idan ka tambayi mutum lafiyarsa, ka tsaya ka ji amsa. Idan amsar ta zo da bukata kuma kana da iko, to gaisuwa ta ƙare, aiki ya fara.

5. Dattijon da ba shi da waya, ko tsohuwar da ba ta iya dannawa ba, kai da ke gida ka zama tsani. Ka je ka zauna kusa da ita, ka kira mata ɗanta da ke nesa, ka miƙa mata. Ka haɗa ladan ƙafa da na waya a zama guda.

6. Jinya mai tsanani, da jana'iza, da sulhu tsakanin waɗanda suka ɓata, idan kana da ikon zuwa, to zuwa da kai ya fi aike. Waya a nan aikinta ta sanar da kai ka taso.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa, dattawa sun yi gaskiya da suka ce zumunci a ƙafa yake, domin ƙafa ita ce shaidar cewa ka ɗauki wahala saboda wani. Wayar da ta sanar da kai halin ɗan'uwanka, ta sa hannunka ya shiga aljihu ko ƙafarka ta kama hanya lokacin da ya kamata, ta yi maka aikin alheri, kuma muna fatan za ka tarar da ita a mizani. Wadda kuwa ta sa ka ji kamar ka sauke nauyi alhali nauyin yana nan, ta yaudare ka. Kai ka san wacce ce a aljihunka. Kafin ka ajiye wannan ɗan littafi, ka tuna mutum guda da yake da hakki a kanka wanda ka daɗe ba ka nema ba, ka neme shi kafin rana ta faɗi, domin ba ka san wanda zai riga wani ba.

Allah Ya sa mu cikin masu sada zumunci, Ya tsare mu daga yanke shi, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya mai da matafiyanmu gida lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.